Wa Zai Gaji Gidajen Jere na Brooklyn?

A titunan Hancock da Macon da Decatur da MacDonough, cikin unguwar Bedford-Stuyvesant ta yankin Brooklyn a birnin New York, gidaje a jere suke, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, bango ɗaya ya raba maƙwabci da maƙwabci tun daga wannan kusurwar titi har zuwa waccan. Duk lokacin da aka kafa allon dillali a gaban ɗayansu, bayanin da ke biye kusan iri ɗaya ne: tsohon gini mai tarihi, na iyali ɗaya, a unguwar da ta tara jinsin mutane kala-kala. Sai kuma farashi, wanda a yau idan aka ce dala miliyan 2 ba wanda zai riƙe baki.

Ba ƙarya a cikin bayanin. Gidan tsoho ne, tarihi gare shi, unguwar kuma ta tara jama'a. Abin da dillali ba ya faɗa, kuma ba aikinsa ba ne ya faɗa, shi ne yadda aka yi gidan ya kawo yau a tsaye, da wanda ya riƙe shi a shekarun da babu mai so, da kuma abin da ke faruwa da unguwar duk sanda aka sayar da guda.

A fara da fasalin ginin, don shi ke bayyana sauran. Filin da aka saba yankawa faɗinsa ƙafa 20 ne, tsawonsa ƙafa 100, wato wajen mita 6 da mita 30. Wasu ma ƙafa 18 ne ko 16. Tun da babu faɗi, sai aka yi sama: hawa uku ko huɗu, da wani ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa, da ɗan lambu ta baya. Taga gaba da baya kawai take, gefe biyu kuwa bangon maƙwabta ne, shi ya sa tsakiyar gidan kan yi duhu ko da rana tsaka. Dabarar ba sabuwa ba ce. Landan ta rungume ta bayan gobarar 1666, Filadelfiya da Baltimore suka ɗauka, kuma dalilin ɗaya ne ko'ina: mai gini ya sayi fili guda, ya zana gida ɗaya, ya maimaita shi sau biyar ko goma, ya rage kuɗin bango da na fili, ya sayar ya ƙara gaba. Abin da ake yi wa kallon kayan tarihi a yau, gini ne na 'yan kasuwa masu neman riba cikin gaggawa.

Ko dutsen nan mai ruwan ƙasa da ya ba gidajen suna, wanda mutanen birnin ke kira brownstone, rufi ne kawai. Jikin gidan bulo ne, dutsen an manna shi a fuska, kaurinsa bai wuce 'yan inci ba. Daga mahaƙar Portland ta jihar Connecticut da wasu mahaƙu a New Jersey ake kawo shi ta ruwa, kuma an so shi ne saboda laushinsa, ba ya wahalar da mai sassaƙa, ya kuma fi marmara araha. Laushin nan shi ne cutarsa. Ruwa kan shiga jikinsa, sanyi ya daskarar da ruwan, dutsen ya riƙa ɓarewa falle-falle. Ambaliyar 1936 ta cika manyan ramukan Portland da ruwa, ƙaramar mahaƙar da ta rage a can kuma ta rufe a 2012. Don haka yawancin fuskokin da ake gani sumul yanzu siminti ne da aka haɗa da launi, gwanin magini ya shafa ya fitar da zanen da.

Akwai kuma matakalar ƙofar gida, doguwa, mai hawa goma ko fiye, wadda ke kai baƙo kai tsaye hawa na biyu inda falon alfarma yake. An yi ta ne don raba mutane: mai gida da baƙinsa su hau sama, 'yan aiki da masu kawo gawayi su bi ta ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashinta. Amma bayan zamani ya juya, matakalar ta koma abin da dakali yake a ƙofar gidan Bahaushe. A nan ake shan iska da zafi, a nan ake kitso, a nan tsohuwa ke zama tana ganin ɗan wa ya dawo makaranta, ɗan wa ya bi abokan banza. Ni a ganina, wannan matakala ta fi duk wani sassaƙen katako na cikin gidan daraja, don ita ce ta mai da jerin gidaje ya zama unguwa.

Yawancin gidajen an gina su tsakanin 1870 da 1900, lokacin Brooklyn birni ce mai cin gashin kanta, kafin a haɗe ta da New York a 1898. Gadar Brooklyn ta buɗe a 1883, jirgin ƙasa mai bi ta sama ya iso titin Fulton a 1888, sai ga 'yan kasuwa da lauyoyi da manyan akawu, da yawansu 'yan asalin Jamus da Ayalan, suna neman gida mai tsabta nesa da cunkoson Manhattan. Masu zanen gini irin su Montrose Morris da Amzi Hill da Magnus Dahlander suka cika titunan. Har F. W. Woolworth, mai kantunan nan da suka karaɗe Amurka, ya taɓa zama a titin Jefferson. An ƙiyasta cewa gine-gine kusan 8,800 da aka yi kafin 1900 suna nan tsaye a unguwar har yau.

Baƙaƙen fata ba baƙi ba ne a yankin. Tun 1838, shekara 11 bayan jihar New York ta soke bauta, James Weeks ya sayi fili a kusa, aka kafa ƙauyen Weeksville na 'yantattun baƙaƙe masu cocinsu da makarantarsu. Sai dai babban sauyin ya zo ne a 1936, da aka buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba A, wanda ya haɗa titin Fulton da Harlem. Mutanen Harlem da cunkoso ya isa suka fara gangarowa. Waɗanda suka gudo daga wariyar jihohin kudu suka biyo, ga kuma 'yan Barbados da Jamaika da Trinidad. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara jawo su, domin ma'aikatar gina jiragen ruwan soja ta Brooklyn ta ɗauki ma'aikata wajen 70,000 a ganiyarta.

A daidai wannan lokaci ne gwamnatin tarayya ta yi abin da ya yanke wa unguwar hukunci na shekara arba'in. Hukumar bashin gidaje da aka kafa a 1933, wadda ake taƙaita sunanta da HOLC, ta zana taswirar birane tana ba kowace unguwa maki, ta shafa ja a kan waɗanda ta ce haɗari ne a ba su bashi. Taswirar Brooklyn ta fito a 1938, Bedford-Stuyvesant kuma ta sha ja, kuma a takardun binciken ba a ɓoye ba cewa shigowar baƙaƙe na cikin dalilai. Hukumar da ke tsaya wa bashin gida, FHA, ta bi irin wannan ra'ayi. Ma'anarsa a aikace: Bature zai sami bashi mai sauƙi ya koma sabon gida a bayan gari, baƙar fata kuwa banki ba zai ba shi ko na gyaran rufi ba. Dillalai marasa tsoron Allah suka shiga tsakani. Su tsorata Bature cewa unguwa ta lalace ya sayar da arha, su juya su sayar wa baƙar fata da tsada, da bashi hawa biyu mai kuɗin ruwa mai nauyi.

To yaya aka yi suka saya? Nan ne labarin ya fi daɗin ji. Matan Barbados da ke aikatau a gidajen masu hali, da mazajensu masu aikin masana'anta da tashar jiragen ruwa, suka koma ga abin da kakanninsu suka zo da shi daga Afirka ta Yamma, wato adashi. 'Yan Trinidad na ce masa susu. Kowa ya zuba, wanda ya kwasa ya kai kafin alƙalami. Idan gida ya zo hannu, mai shi ya tattara iyalinsa a hawan ƙasa, ya yanka benaye ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya, kuɗin haya ya biya bashi. Marubuciya Paule Marshall, wadda a cikin wannan jama'a ta tashi, ta gina littafinta na 1959, Brown Girl, Brownstones, a kan wannan fafutuka ta mallakar gida da yadda take iya raba miji da mata. Gidan da aka gina don iyali ɗaya da 'yan aikinsu ya koma yana ɗauke da mutum goma sha biyar ko ashirin.

Rashin bashin nan, duk da muguntarsa, shi ya ceci gine-ginen. Inda kuɗi ke gudana a shekarun 1950 da 1960, an rushe tsofaffin gidaje an kafa dogayen benaye, ko an ɓalle katakon da aka sassaƙa an manna na zamani. A Bedford-Stuyvesant babu kuɗin rushewa. Mai gida sai dai ta shafa fenti a kan katakon, ta toshe murhun ɗumama ɗaki, ta kafa bango na wucin gadi. Shekara hamsin bayan haka mai saye ya kankare fentin ya tarar da katakon na nan lafiya lau. Abin da tallar ke kira kayan asali da ba a taɓa ba, talauci ne ya adana shi, da hannun matan da suka riƙa share matakala kowace safiya a lokacin da hukumar birni ta juya wa unguwar baya.

Kuma ta juya bayan da gaske. Tarzomar 1964 da ta tashi a Harlem ta tsallako nan. Ma'aikatar jiragen ruwa ta rufe a 1966. Hodar iblis ta mamaye titunan a shekarun 1980. Amma mutanen ba su naɗe hannu ba. Bayan Sanata Robert Kennedy ya zaga unguwar da ƙafa a 1966 ya sha faɗa daga bakin matan da suka gaji da alkawari, aka kafa Bedford Stuyvesant Restoration Corporation a 1967, wadda ta ɗauki matasa aikin gyaran fuskokin gidaje ta kuma nemo wa masu gida bashi. A 1968 unguwar ta aika Shirley Chisholm Majalisar Wakilai, baƙar mace ta farko da ta shiga. A 1978 wasu masu gidaje suka kafa ƙungiyar Brownstoners of Bedford-Stuyvesant, suna buɗe ƙofofinsu sau ɗaya a shekara don 'ya'yan unguwa da suka yi karatu su gani su dawo su saya. A 1988 jama'ar Masallacin At-Taqwa, ƙarƙashin Imam Siraj Wahhaj, suka yi kwana 40 suna sintiri dare da rana tare da 'yan sanda har aka rufe gidajen sayar da ƙwaya 15 a kewayen masallacin. Zaman lafiyar da mai saye ke biya wa miliyoyi yau, waɗannan ne suka yi masa aikinsa, kuma babu wanda ya biya su.

Daga wajen shekarar 2000 aka fara juyowa. Laifi ya ragu a faɗin birnin, gidajen Park Slope da Fort Greene suka fi ƙarfin masu matsakaicin hali, sai ido ya dawo gabas. Ƙidayar 2020 ta nuna abin da kowa ke gani da idonsa: cikin shekara goma unguwar ta rasa baƙaƙen fata fiye da 22,000, ta ƙaru da fararen fata fiye da 30,000. Wanda ya bi titin Fulton ranar Juma'a zai ga cakuɗar da ake talla: 'yan Senegal da Gini da shagunan abincinsu, 'yan Bangladesh, tsofaffin 'yan Karebiyan, jikokin mutanen Karolina, Yahudawa masu baƙaƙen riguna daga arewacin unguwar, da matasan Turawa da kofin gahawa a hannu. Gaskiya ne abin sha'awa ne. Sai dai hoto ne na tsakiyar tafiya. Wasu shigowa suke, wasu fita, aka ɗauki hoton daidai lokacin da suka haɗu a bakin ƙofa. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta hana dillali ya tura mai saye wata unguwa ko ya hana shi ita saboda launin fata, kuma hakan ci gaba ne babba. Amma farashi yana iya yin tankaɗen da doka ta hana mutum yi.

Batun iyali ɗaya shi ne wanda aka fi wucewa ba a tsaya ba. Gidan da ya shekara saba'in yana ɗauke da magidanta uku ko huɗu, ba ya komawa na iyali ɗaya sai waɗancan sun fita. Wani lokaci da lalama, an ba su kuɗin tashi. Wani lokaci a yanke ɗumama a tsakiyar hunturu har su gaji. Shi ya sa birnin ke neman mai son gyara tsohon gidan haya na ɗaki-ɗaki ya kawo takardar shaidar cewa ba a takura wa 'yan haya ba. Gida fanko ya fi mai 'yan haya tsada, kowa a kasuwar ya san haka. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa tun 1950 New York ta rasa matsugunai fiye da 100,000 ta hanyar haɗe su wuri guda, kuma gidajen jere na da kaso mai tsoka a ciki. Wannan a birnin da ke kukan ƙarancin gida. Babu rusau, babu hayaniya, daga waje gidan ma ya fi da kyau. Sai dai maɓallan ƙararrawa huɗu da ke bakin ƙofa sun koma ɗaya.

Shi ma mai sayen ba a gadon fure ya faɗa ba. A ce gidan dala miliyan 2 ne. Kafin alƙalami na kashi 20 cikin ɗari dala 400,000 ke nan. Harajin da jihar ke ɗora wa cinikin da ya kai wannan adadi kashi 1.25 ne, wato 25,000. Ragowar miliyan 1.6, idan aka ci bashinsa na shekara 30 da ruwa kashi 7, kamar yadda ya kai a 2023, biyan wata zai haura dala 10,000. A shekara ya zarce duk abin da matsakaicin magidanci a birnin ke samu kafin ya ci abinci. Musulmin da ke gudun riba yana da kamfanoni irin su Guidance Residential masu tsarin haɗin gwiwa, ana sayen kason kamfani sannu a hankali, amma wannan ya sauya hanyar biya ne, bai rage farashi ba. Sannan ga gyara: rufi mai yoyo, tsofaffin wayoyin lantarki, fenti mai gubar dalma wanda birnin bai haramta ba sai 1960, katakon daɓen bene da ya lotsa. Idan gidan na cikin yankin da Hukumar Adana Gine-ginen Tarihi ta keɓe, kamar Stuyvesant Heights da aka ayyana a 1971 aka faɗaɗa a 2013, ko yankin Bedford na 2015, to ko taga ba a sauyawa sai da izini. Hukumar, wadda aka kafa dokarta a 1965 bayan takaicin rushe tashar Penn, tana kare fuskar gida da kyau. Wanda ke zaune a bayan fuskar ba ya cikin hurumin aikinta.

Wasu na cewa ai wannan shi ne adalcin da aka daɗe ana jira. Iyalin da suka sayi gida da 'yan dubban daloli a 1955 yanzu suna zaune kan miliyoyi, wa zai hana su sayarwa? Babu. Ni ban ga laifin tsohuwar da gwiwa ta hana ta hawa bene huɗu, ta sayar ta koma Atlanta ko Barbados ta huta ba. Dukiyarta ce, guminta ne, kuma a ƙasar da aka daɗe ana hana baƙar fata tara abin da zai bar wa 'ya'ya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da a ce duk cinikin haka yake tafiya, da maganar ta yi sauƙi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Da yawa daga waɗanda suka sayi gidajen sun rasu ba su bar wasiyya ba, sunan marigayi na nan a takardar mallaka, magada goma sha biyu sun watsu daga Brooklyn zuwa Florida zuwa Landan, ɗaya ce kawai ke zaune a gidan tana biyan haraji. Sai ɗan kasuwa ya binciko wani jika da bai taɓa taka gidan ba, ya sayi kasonsa da kuɗi kaɗan, ya zama shi ma mai gida ne a idon doka, ya garzaya kotu ya nemi a raba. Gida ba ya yankuwa, sai a yi gwanjonsa. Jihar New York ta yi doka a 2019 da ta ba sauran magada damar fara sayen kason kafin a kai ga gwanjo, kuma ta rage ɓarnar. Wasu kuma ba sa ma wahalar da kansu da kotu. Su sami dattijon da bashi ya shaƙe, musamman waɗanda mugun bashin da ya haddasa rikicin 2008 ya kama, ko wanda birni ya sayar da bashin harajinsa da na ruwa ga masu karɓar bashi kamar yadda ake yi tun 1996, su ce sun zo taimako, su miƙa masa takardu ya sa hannu. Sai daga baya ya ji ashe gidan ya sa wa hannu. Wasu ma sa hannun jabu ake yi musu, har da matattu. Tsakanin 2014 da 2023 hukumomin birnin sun karɓi ƙorafin satar takardar gida kusan 3,500, fiye da 1,500 daga Brooklyn. Sai a 2023 da 2024 jihar ta tsaurara doka, ta ayyana abin a matsayin sata ƙarara, ta ba Babbar Lauyar jiha, Letitia James, ikon gurfanar da masu yi kai tsaye.

Saboda haka idan aka ga allon dillali a gaban gidan jere a wannan unguwa, tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce ta wace hanya gidan ya iso kasuwa. Ko mai shi ce ta yanke shawara da idonta biyu, ko kamfani ne marar fuska da ya same shi watanni takwas da suka wuce a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da yake nema yanzu. Wannan ba sirri ba ne. Rajistar filaye ta birnin, wadda ake kira ACRIS, a buɗe take a intanet kyauta, duk wanda ya sa adireshi zai ga wa ya sayar wa wa, yaushe, da nawa. Lauyan mai saye zai duba ta don ya tabbata takardar ba ta da rigima. Kaɗan ne ke dubawa don su san wanda aka fitar.

Mai sayen da ke da niyya yana da abin yi da bai fi ƙarfinsa ba. Gidan hawa huɗu ya ishi iyali ɗaya a benaye uku, a bar hawan ƙasa ga ɗan haya, kamar yadda masu gidan na da suka yi, kuma hayar za ta rage masa nauyin bashi. Su kuwa iyalan da har yanzu gidan ke hannunsu, aikin da ke gabansu na takarda ne: a rubuta wasiyya, a sauya sunan marigayi a rajista, magada su zauna su yi magana tun mai gida na da rai, a yi rajistar adireshin a tsarin birni da ke aiko da sanarwa duk lokacin da wani ya shigar da takarda a kan gidan. Ƙungiyoyin lauyoyi na kyauta da cocin unguwa da masallatai sun fara shirya zama a kan wannan, kuma kuɗin rubuta wasiyya bai kai na gyaran taga ɗaya a irin waɗannan gidaje ba.